TALLAR WAƘA DA TSIRAICI: WA KE SAYARWA, WA KE SAYE?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya karrama ɗan Adam da sutura. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW), da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.



Kowane ɗan kasuwa yana da dabarar kiran ciniki. Mai tsire ƙanshi ke masa talla. Mai atamfa a Babbar Kasuwar Katsina warware turmi yake ya rataye a bakin shago. Wannan duk halal ne, don abin da aka nuna maka shi za ka saya. To mawaƙi kuma hajarsa murya ce da kalmomi. In haka ne, me jikin 'yar mutane yake yi a tsakiyar bidiyonsa? Ba ita ta rubuta baiti ba, ba ita ta rera ba, sau da yawa ko sunanta ba a rubutawa. An kawo ta ne ta yi aikin da tana ke yi a bakin ƙugiya: kifi ya gani ya taho.

Tambayar da nake so mu tsaya a kanta yau ita ce: shin ya halatta, a shari'a da kuma hankali, a mayar da jikin mutum abin kiran kasuwa? Kuma in bai halatta ba, laifin wa? Mai rawar kaɗai, ko har da mu da muka biya kuɗin data muka zauna kallo?

YADDA KASUWAR TAKE TAFIYA

Wanda bai san yadda kuɗi ke shiga ba, ba zai gane dalilin da ya sa riguna ke ƙara matsewa kowace shekara ba.

A da, mawaƙi kaset yake sayarwa, daga baya faifan CD. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano su ke saye su rarraba har Katsina da Maraɗi. Mai saye zai cire kuɗi daga aljihunsa, ya ɗauki kaya ya tafi gida. Yau ba a sayen waƙa. Kyauta ake saurarenta a YouTube da TikTok da Facebook, ko a ba masu tura waƙa 'yan canji su cika maka waya. To ina ribar take? Ribar tana cikin idonka. Kamfanonin nan tallace-tallace suke sayarwa, kuma farashin tallar ya danganta da yawan mutanen da suka tsaya kallo da tsawon lokacin da suka ɗauka. YouTube, misali, kan ba mai bidiyo kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka ɗora a dogon bidiyonsa. Babbar ribar ma ba nan take ba. Wanda yake tashe shi ake gayyata bikin masu kuɗi, shi kamfani ke ɗauka ya tallata masa kaya, shi ɗan siyasa ke nema lokacin kamfen.

Sannan akwai injin lissafin da ke cikin manhajar, wanda shi ke zaɓar abin da zai nuna maka. Wannan injin ba shi da addini, ba shi da kunya. Abin da yake aunawa kawai: yatsanka ya tsaya ko ya wuce? Ka sake kallo? Ka rubuta sharhi? Ka tura wa wani? A TikTok 'yan daƙiƙoƙin farko ne ke yanke hukunci. Baiti mai ma'ana yana buƙatar a saurara a yi tunani, shi kuwa tsiraici ƙiftawar ido ɗaya ta ishe shi. Shi ya sa darakta yake sa shi a farko, kuma shi ake yankowa a yi hoton da ke fuskar bidiyon.

Matsalar wannan haja ita ce ido yana sabawa. Abin da ya girgiza mutane bara, bana ba ya tsayar da kowa. Dole mai talla ya ƙara. Duk wanda ya shiga wannan tsere ba shi ke riƙe da linzami ba, kasuwa ke riƙe da shi.

BA YAU AKA FARA BA

A Amurka tashar MTV ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 1981, daga nan waƙa ta tashi daga abin saurare ta koma abin kallo. Ƙasashen Larabawa ma ba su tsira ba. A farkon shekarun 2000 tashoshi irin su Rotana da Mazzika da Melody suka cika gidaje da bidiyoyin waƙa, har malamai da marubuta a Masar suka yi ta kuka. A Disambar 2017 wata kotu a Alƙahira ta ɗaure mawaƙiya Shyma shekara biyu saboda bidiyon batsa, aka rage zuwa shekara ɗaya bayan ɗaukaka ƙara. Don haka mai cewa "ai Larabawa ma suna yi" bai kawo hujja ba, ya dai ƙara mana sunan wasu majinyata ne. A Legas kuwa, a Agustan 2019, mawaƙi Tekno ya ɗora mata kusan tsirara suna rawa a cikin mota mai bangon gilashi ana zagaya titi da su, ya ce bidiyon waƙa yake ɗauka, har 'yan sanda suka shiga maganar. Ka ga nan an ma daina ɓoye-ɓoye, an sa mutum a akwatin gilashi kamar yadda ake jera agogo a kanti.

Mu dawo gida. Bayan dawo da shari'a a shekarar 2000, Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma babban abin da aka yi ta jayayya a kansa tun lokacin shi ne rawa da waƙa tsakanin maza da mata da irin shigar da ake yi a cikinsu. Masu harkar da kansu sun sha faɗa cewa fim ba ya ciniki sai da waƙa. A 2007, bayan wata badaƙala da ta girgiza masana'antar, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Malam Abubakar Rabo Abdulkarim a kan hukumar. A shekarar ce kotu ta ɗaure Adam A. Zango wata uku kan faifan bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya da ya fitar ba tare da an tace ba. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda rungumar da aka gani a bidiyon waƙar ClassiQ. A 2022 wasu lauyoyi a Kano suka kai ƙarar wasu mawaƙa da 'yan TikTok gaban kotun shari'ar Musulunci. A farkon Maris 2024 rikicin yadda Hisbah ke kamen 'yan TikTok ya kai ga Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye muƙaminsa, kafin a sasanta ya dawo bayan 'yan kwanaki.

Na ambaci waɗannan ne don abubuwa ne da hukumomi suka yi a bainar jama'a, ba don tonon asirin kowa ba, kuma wasu daga cikin mutanen nan sun nemi afuwa tun tuni. Darasi biyu nake so mu ɗauka. Na farko, hukunci ya fi sauka a kan wadda aka gani a gaban kyamara. Wanda ya zuba jari da wanda ya tsara shirin da wanda ya kwashi riba galibi ba a jin sunansu. Na biyu, hani yakan koma talla. Korar 2016 ta sa kafafen labaran duniya sun ɗauki maganar, har mawaƙi Akon ya gayyaci jarumar zuwa Amurka, mutanen da ba su taɓa jin waƙar ba suka bazama nemanta. Wasu mawaƙan yanzu sun gane wannan sarai: da gangan ake taka layi don malamai su yi magana, maganar malaman ta zama sanarwa kyauta.

MU AJIYE SAƁANIN KIƊA GEFE

Nan take wani zai ce, "Malam, ai kiɗa akwai saɓani." Gaskiya ne. Jumhurun malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da duffu a biki da idi. Ibnu Hazmi ya halatta, Imam Gazali ya yi bayani dalla-dalla ya kafa sharuɗɗa. Amma ka bincika ka gani, cikin waɗanda suka sassauta babu ko ɗaya da ya halatta waƙar da ke siffanta alfasha ko wadda ake yi da bayyana al'aura. Dukkansu sun sharɗanta tsabtar lafazi da tsabtar wurin. Saboda haka wanda ya ɗauko fatawar Ibnu Hazmi ya lulluɓe bidiyon tsiraici da ita ya yi wa malamin ƙarya. Abin da muke magana a kai yau babu saɓani a cikinsa.

ME YA SA TSIRAICI BA HAJA BA NE?

Ka buɗe Suratul A'arafi daga aya ta 20 zuwa ta 27. Allah Ya ba mu labarin cewa manufar Shaiɗan a kan babanmu Adamu da Hauwa'u ita ce ya bayyana musu al'aurarsu da aka ɓoye. Da suka ci itaciyar, abin da ya fara faruwa shi ne tufafi ya kwaɓe, abin da suka fara yi kuma shi ne neman ganye su rufe jiki. Ba wanda ya umarce su, fiɗira ce. Daga nan Allah Ya lissafa tufafi cikin ni'imominSa, Ya gargaɗe mu kada a yi mana abin da aka yi wa iyayenmu. Wato yaƙin farko da aka yi da ɗan Adam a kan sutura aka yi shi.

Larabawan jahiliyya sun kai ga yin ɗawafi tsirara suna ganin ibada ce. A shekara ta 9 bayan hijira, a hajjin da Sayyidina Abubakar ya jagoranta, aka shelanta cewa daga wannan shekara babu mai sake ɗawafi tsirara. Musulunci ya zo ya mayar wa mutum rigarsa.

Amma ayar da ta fi kama maganarmu tana Suratun Nur, aya ta 33. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa ta sauka ne a kan Abdullahi bin Ubayyu, shugaban munafukai, wanda yake tilasta wa kuyanginsa, Musaika da Umaima, su je su nemo masa kuɗi da jikinsu. Ku lura da wanda ayar ta fuskanta. Ba 'yan matan ta tsawata wa ba, mai cin ribar ta tsawata wa, ta kuma rufe da gafara da rahama ga wadda aka tilasta. Ba ina cewa rawa a bidiyo daidai take da abin da Ibnu Ubayyu ya sa su ba, a'a. Amma tsarin ɗaya ne: namiji mai jari yana zaune, mace tana gaba, jikinta na jawo kuɗi, aljihunsa na cika.

A fiƙihu, sharaɗin ingancin ciniki ko ijara shi ne amfanin da ake biya dominsa ya zama halal. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya bayyana cewa abin da Allah Ya haramta wa mutane, Ya haramta musu kuɗinsa. Kallon al'aurar wadda ba taka ba haramun ne, don haka kuɗin da aka tara ta hanyar nuna ta haramun ne, ko an sa masa suna nishaɗi, ko fasaha, ko sana'a.

Ko mutum bai karanta fiƙihu ba, hankali zai kai shi nan. Duba yadda ake ɗaukar hoton: kyamara ba ta tsayawa a fuska, gaɓa-gaɓa take yanka mace, kamar mahauci yana kasa nama a faranti. In wannan ta gaji ko ta yi ƙiba ko ta tsufa, gobe a kawo wata, waƙar ba ta rasa komai ba. Abin da ake iya musanyawa haka ba tare da an yi asara ba, kaya ne. Mutum kuwa Allah Ya ce Ya karrama shi. Karamci da farashi ba sa haɗuwa a abu ɗaya. Abu mai sauƙin gwadawa: daraktan da ke cewa fasaha ce, ka ce masa ya kawo 'yarsa ko ƙanwarsa ta tsaya a wurin. Yadda fuskarsa za ta canja ya ishe ka amsa. Wannan ita ce hanyar da Annabi (SAW) ya bi da saurayin da ya zo neman izinin zina, ya yi ta tambayarsa ko zai so haka ga mahaifiyarsa da 'yarsa da 'yar'uwarsa, har saurayin ya dawo hayyacinsa.

HUJJOJIN DA AKE KAWOWA

Wasu na cewa, "Jikinta ne, ita ta yarda." Musulmi dai ya san jiki amana ne, za a tambaye shi a kansa, gaɓoɓi ma za su yi shaida. Sannan mu faɗi gaskiya a kan wannan yardar. Yarinyar da aka ce mata in ba ki sa wannan ba akwai goma a waje suna jira, ga haya, ga ƙanne, ga uwa ba lafiya, yardarta irin ta wanda ya karɓi bashin riba ce don yunwa. Kuma ta yarda da ɗaukar yini ɗaya, ba ta san bidiyon zai bi ta har ranar da za a zo neman aurenta, har ranar da ɗanta zai shiga sakandare abokansa su nuna masa ba.

Wasu na cewa, "Sana'a ce, ƙasa ba aiki." Talauci gaskiya ne, ba mai musu, kuma zunubin rashin aikin matasa yana wuyan shugabanni. Amma mai sayar da ƙwaya ma haka yake faɗa. In talauci ya sassauta wa yarinyar da aka biya 'yan dubbai, me zai sassauta wa mai jarin da ke hawa babbar mota?

Wasu na cewa, "In ba ka so, kar ka kalla." Da a ɗaki aka kulle abin, da maganar ta yi ɗan ma'ana. Amma talla aikinta shi ne ta same ka ba ka neme ta ba. Tana cikin talabijin ɗin wurin aski, tana wurin cin abinci, tana faɗo wa yaro ɗan shekara goma da ya ari wayar uwarsa zai kalli karatu. Mai zuba shara a magudanar unguwa ba ya cewa wanda ba ya son wari ya toshe hanci.

Wasu na cewa, "Tun da can akwai batsa a waƙar Hausa." E, akwai, kuma malaman zamanin ba su yi shiru ba. A nan jihar muka yi Dakta Mamman Shata da Barmani Choge, kuma duk wanda ya san waƙoƙin gargajiya ya san akwai masu habaici da zaurance. Amma wancan yana da wuri da lokaci da masu saurare. Waƙar amada ta mata ce a cikin gida, yaro ba ya gane zaurancen manya, kuma makaɗi yana jin nauyin garin da zai kwana a ciki. Yanzu an cire zaurance, an ƙara hoto, an miƙa wa kowa har gado.

Daga ƙarshe akwai masu cewa, "Abin da kasuwa ke so ke nan." Ko wannan ma ba cikakkiyar gaskiya ba ce. A 2015 wasu masana biyu a Amurka, Robert Lull da Brad Bushman, sun tattara gwaje-gwaje 53 da aka yi a kan talla, suka ga cewa gwargwadon ƙaruwar batsa a cikin talla, gwargwadon raguwar tuna kayan da niyyar sayensu. Ido yana tafiya ga jikin, ya manta da hajar. Haka waƙa: bidiyon zai tara 'yan kallo, bayan wata uku ba mai tuna baiti ɗaya. Mu kuwa har gobe ana rera Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi, wadda ba ta da bidiyo, mai ita ma makaho ne. Kuma a 2007 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta fitar da rahoto da ya danganta mayar da 'yan mata abin sha'awa a kafafen yaɗa labarai da raina kai da ciwon damuwa da matsalar cin abinci. Waɗannan ba limamai ba ne, abin da bincike ya nuna musu suka rubuta.

ƁARAWON ZAUNE

Yanzu mun zo inda maganar ke da ɗaci. Hausawa na cewa ɓarawon zaune ya fi na tsaye, don da babu mai saye da ba a sata. A wannan kasuwa mai saye shi ne mai kallo. Ɗan'uwa, duk minti ɗaya da ka tsaya a kan bidiyon nan ƙuri'a ka jefa cewa a ƙaro irinsa. Ka ga hikimar Suratun Nur aya ta 30 da 31: maza aka fara umarta da runtse ido kafin a zo kan mata da mayafi. Da Jarir bin Abdullahi ya tambayi Annabi (SAW) game da kallon ba-zata, sai ya umarce shi ya kawar da kai. A zamaninmu kawar da kai shi ne ka ture bidiyon da yatsa tun a daƙiƙar farko.

Akwai kuma 'yan'uwa masu kishin addini da suke taimaka wa abin ba su sani ba. Sai mutum ya ɗauko bidiyon ya ɗora a shafinsa ya rubuta "Innalillahi, ku ga abin da ake yi." Wallahi ɗan'uwa, talla ka yi masa, ba ka ma karɓi lada ba. Injin nan bai san bambancin tsinuwa da yabo ba, duka ɗaya yake ƙirga su. Mutum ɗari biyar da ke bin ka don karatu, kai ka kai musu abin har gida. Ka tuna Suratun Nur aya ta 19 ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Na san niyyarka ba ita ba ce, amma sakamakon shi ke nan. Wannan har da mu masu wa'azi: ana iya yin inkari ba tare da haska hoton ko rera baitin a kan mimbari ba.

Sannan ku ji tsoron Allah a wurin sharhi. Mace ta yi shigar banza, laifi ne. Amma ka kira ta mazinaciya ba tare da shaidu huɗu ba, wannan ƙazafi ne, haddinsa bulala tamanin kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta wannan sura. Sau nawa mai sharhi yake fita da zunubin da ya fi na wadda yake zagi? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

MU NAN GRA

Akwai wani ruɗi da ke damun mazauna unguwanni irin namu, wai wannan matsalar 'ya'yan talakawa ce. Mun yi katanga mai tsawo, mun sa maigadi, mun hana yaro fita. Amma a cikin gidan akwai DStv da tashoshin waƙa dare da rana, akwai intanet ba iyaka, kowane yaro da wayarsa da ɗakinsa da makullinsa. Yaron cikin gari da data ta ƙare masa sai ya haƙura, namu ba ta ƙarewa. Maigadi yana tsare ƙofa, ɓarawo ya shigo ta waya.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, kuɗin da ke raya wannan kasuwa daga hannun masu hali yake fitowa. Wa ke iya biyan mawaƙin da ke tashe ya zo dina? Wa ke kama zauren biki, a kashe fitila, 'yan mata su fito da ɗinkin da aka kwaikwayo daga bidiyo, ana liƙi ana ɗauka ana ɗorawa? Da safe a ɗaura aure bisa sunna a masallaci, da daddare a yi abin da liman ba zai iya shiga ba. Ranar da masu kuɗi da 'yan siyasa suka daina gayyatar mai bidiyon tsiraici, wallahi ba sai Hisbah ta yi magana ba, da kansa zai sa wa 'yan rawarsa riga.

Iyaye, abin yi a bayyane yake. Kulle tashoshin da lambar sirri, na'urar tana da wurin yin haka. Kada waya ta kwana a ɗakin yaro. Kada ka ba ɗan firamare babbar waya don kawai kana da kuɗin saye. Uwa ta riƙa bin ɗinkin 'yarta tun daga wurin tela. In za ku yi biki, ku zauna da mai sa kiɗa tun kafin ranar ku faɗa masa iyaka. Mafi girma kuma, ku zauna ku yi hira da su, ku bayyana musu yadda ake ciniki da idonsu. Matashi ba ya son a raina masa wayo. Ranar da ya gane cewa shi ne kifin, zai fara ganin ƙugiyar da kansa.

GA HUKUMA DA MAWAƘA

Hukumar Hisbah da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa a jihar nan, da takwarorinta, muna musu addu'a. Nasiharmu biyu ce. A bi sawun kuɗin: mai ɗaukar nauyi, mai ɗakin naɗar waƙa, mai otal, mai zauren biki, ba yarinyar da aka gani kaɗai ba. In doka ta kama 'yar talaka ta bar ɗan mai kuɗi, matasa za su raina dokar, su raina addinin da aka yi ta da sunansa. Sannan kada a ɗauki bidiyon waɗanda aka kama a watsa. Ba a maganin tsiraici da tozarci, kuma Musulunci sutura yake so ga mai laifi matuƙar akwai hanyar gyara.

Ku kuma mawaƙa, 'yan'uwanmu ne ku, ba maƙiya ba. Baiwar da Allah Ya ba ku babba ce. Annabi (SAW) yana da mawaƙi, Hassanu bin Sabit. Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta karantar da mata ta hanyar 'Yan Taru. Wanda ya yarda da kalmominsa ba ya buƙatar jikin kowa ya riƙe masa su. Ku tuna hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya assasa mummunar hanya yana da zunubinta da na duk wanda ya bi ta bayansa. A da in makaɗi ya mutu kiɗansa ya tsaya. Yanzu mutum yana kabari bidiyonsa yana tara 'yan kallo. Wanda yake da irin wannan a shafinsa, ya goge shi yau tun lambar sirrin tana hannunsa, don magada ba lallai su san ta ba.

'Yar'uwa da kika riga kika shiga, ƙofar tuba a buɗe take, kuma babu wanda ya isa ya rufe miki ita. Mu kuma al'umma, in ta dawo a karɓe ta, a nema mata sana'a, kada a yi ta goranta mata har ta koma inda ta fito.

Ya Allah Ka suturta al'aurarmu, Ka tsare idanunmu, Ka shirya matasanmu maza da mata, Ka ba mawaƙanmu abin yi na halal mai albarka. Wanda zai tura wannan rubutu, don Allah ya tura shi haka, kada ya haɗa shi da hoto ko bidiyon kowa.

Wallahu a'alam.

Ɗan'uwanku a Musulunci,
GRA, Katsina.